Ɗakin Injuna na Jiran Almakashi

Jiya na yi awa biyu a tsaye a ƙofar wata masana'anta, rana na gasa min ƙeya, ina jiran autata da ta shiga intabiyu. Digiri gare ta a fannin lantarki, jama'a, ba wasa ba. Shi ne kuma kira na farko da ta samu tun da ta gama.

Ta fito idonta jawur. Wai wani inji suka ajiye mata a kan tebur, suka ce ta gano abin da ke damunsa.

"Baba, wallahi a hoto kaɗai na san shi."

Ashe a jami'arsu akwai irinsa har goma sha biyu, sababbi fil a cikin leda. An kulle ɗakin da aka ajiye su shekara huɗu, domin Mai Girma Uban Tsare-tsare, babban jami'in da zai buɗe shi, bai samu sukunin zuwa yanka kirtani ba. Ta taga ɗalibai ke leƙensu.

Amma kada a ce ban yaba ba. An koya musu darasin shirin shiga aiki, zango guda cur: yadda ake murmushi, yadda ake zama a kujera, da amsar "ina kike ganin kanki nan da shekara biyar?" Autata ce ta zo ta ɗaya. Manajan masana'antar ma ya ce bai taɓa ganin wanda ya zauna da kyau irinta ba. Ya tausaya, ya ce ta dawo bayan mako biyu a sake gwadawa.

Na kai kukana wurin maƙwabcina mai gyaran janareto. Ya goge hannu a wando, ya ce, "Malam, ta san sukuddireba?"

"Ta san sunanta da Turanci."

"To turo min ita da safe. Ta bar takalmi mai tsini a gida."

Na ji kunya, ba zan ɓoye muku ba, amma na tura ta. Ɗazu ta dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, tana ta zuba min bayanin wayoyin da ta kwance ta mayar, injin kuma ya tashi. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Ranka ya daɗe, Uban Tsare-tsare, idan autata ta samu aikin nan, na san za ku sa ta a rahoton nasarorinku. Ba komai, ku sa. Sai dai ku tambayi maƙwabcina yadda ake rubuta sunanta, shi ya san ta.