Ranar da Garmahon Kawu Ya Juya da Baya

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa garmahon Kawu Sanda ba, ko da na so in manta ƴan gidanmu ba za su bari ba. Lokacin babban taron ƙasa na siyasa ne, lakol ɗinmu, wato makaranta, a rufe, na dawo garinmu Agiye daga Maradi da karatun lantarki na wata bakwai, ina jin babu kamata.

Kawu zai aurar da ƴarsa Hadiza. Yana da wani faifai da marigayiya matarsa ke so, ya ci burin amarya ta ji waƙar kafin a kai ta ɗakinta. Garmahon kuwa, mai aiki da batir, ya shekara goma bai ce uffan ba. Aka ce a kai wa Malam Ila mai gyaran radiyo a bakin kasuwa. Na ce haba, ina gidan za a kai wa wanda bai taɓa shiga aji ba? (Allah ya yafe mini wannan baki nawa.)

Na buɗe, na goge, na sake wayoyin da ɓera ya ci. Ban gwada ba, wai kada batir ya ƙare. Ranar biki, tsakar gida cike da mata, na ɗora faifai na danna. Ya juya kam, amma da baya! Allura ta yi ƙiii, wani abu ya ce fus a ciki, hayaƙi ya taso. Wata gwaggo ta ce, "Wanga shi ne karatun Maradin?" Kawu ya ɗauke faifansa ya rungume. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ni na ɗauki garmahon a ka har kasuwa. Malam Ila ya buɗe, ya sunsuna, ya ɗora yatsa a kan abin da ya ƙone. "Ɗana, ka sa jar waya wurin baƙa. Zamna ka gani."

Ya ɗumama ƙarfen liƙinsa a garwashi, ya ciro irin abin daga wata matacciyar radiyo, ya liƙa da darma. Robar da ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai ta saki, ya yanko sabuwa daga tiyub ɗin keke. Sannan ya yi ɗigo da alli a bakin farantin, yana duban agogo yana ƙirga zagaye, yana murɗa wani ɗan ƙusa har ya daidaita. Wallahi baki buɗe na kalle shi.

Shi ya rako ni gida, ya ce wa Kawu, "Yaron ya yi ƙoƙari, waya biyu ɗai ya saɓa." Waƙar ta tashi tas. Hadiza ta fashe da kuka cikin mayafi, Kawu ya juya mana baya yana gyaran hula.

Tun daga ranar, in zan yi gwaninta, sai na fara gwadawa a ɗaka, ƙofa a rufe.