Rigar Ruwa Mai Hula Biyu

Ni ba mai yawo ba ne, amma sunan ɗan ƙanwata a Garwa dole in je a kan babur ɗina, kuma da farar shadda, ga damina. Na shiga kasuwa na zaɓi rigar ruwa mai hula biyu, irin ta 'yan moto masu ɗaukar fasinja a babur.

Mai shagon ya ce, "Baba, ai kai kaɗai za ka hau."

Na ce, "Ɗana, babba ta fi rufewa."

A hanya hular baya ta cika da ruwa tam. Ina taka birki a ƙofar gidan, ta juye mini ta wuya har cikin wando, a gaban surukan ƙanwata.

Har yau in hadari ya haɗo sai ta bugo waya: "Yaya, taho mana da ruwan wanki, randarmu ta yi ƙasa."