Yadda Za Ka Shahara a Binciken Maganin Daji Ba Tare da Ka Warkar da Ko Ɓera Ɗaya Ba

Zauna, ɗalibina, ka kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan a tsanake, na yi maka alƙawari sunanka zai cika mujallun kimiyya, za a riƙa miƙe maka idan ka shigo ɗakin taro, kuma ba sai ka warkar da kowa ba. Hanyar ba tawa ba ce. Da ido na koye ta, daga wani Farfesa da ofishinsa ke jikin nawa, masanin magungunan ciwon daji.

Bari in gabatar maka da mutanen da za mu yi darasin da su. Akwai Farfesa, wanda maƙalolinsa sun fi ƙarfin ya karanta su duka. Abin da ya rasa shi ne magani. Akwai yayarsa, tela, wadda ta goya shi, har ya girma tana kiransa Dogo. Ita lafiya ta rasa, don ƙullutu ya fito mata a nono, likita kuma ya sa ranar cire shi. Sai autarta, 'yar firamare mai shegen tambaya, wadda ba ta rasa komai ba sai mai ba ta amsa.

1. Samo abin da ke kashe daji a faranti

Je ka ɓamɓaro ɓawon kowace bishiya, ka jiƙa, ka tace, ka ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin daji da aka raina a ɗan farantin gilas. Za su mutu. Kada murnarka ta ragu don ka tuna cewa ruwan wanke banɗaki ma yana kashe su, haka gishiri idan ya yi yawa. Ba a tambaye ka wannan ba. Ka ba ruwan naka suna mai harufa da lambobi, domin abin da ke da wuyar faɗa yana da wuyar zargi.

2. Yanka gwaji ɗaya gunduwa-gunduwa

Wannan shi ne inda sababbin shiga ke asara. Sai su kwashe duk abin da suka gano su zuba a maƙala ɗaya, kamar marasa 'ya'ya. Kai kada ka yi haka. Yayar Farfesa riga ɗaya take fitarwa daga yadi ɗaya, shi ya sa har yau tana shago. Shi kuwa daga faranti ɗaya ya fitar da maƙala a kan launin ruwan, wata a kan ɗacinsa, wata a kan abin da ya yi wa ƙwayoyin da safe, wata kuma da yamma, sannan ya rubuta sharhi a kan dukkansu yana jinjina wa mai su.

Kowace ka rufe ta da wannan jimla: “Ana buƙatar ƙarin bincike.” Ka haddace ta. Ita ce lemarka, rana ko ruwa.

3. Ka ambace ni, in ambace ka

A sana'armu, ba da yawan waɗanda ka warkar ake auna ka ba, da yawan waɗanda suka ambaci sunanka a rubutunsu ake yi. To nemi abokai, ku riƙa gaisawa a ƙasan takarda. Na taɓa jin Farfesa ta bango yana waya da wani Dakta abokinsa, ya buɗe sautin wayar. Farfesa ne ya fara.

“Mutumina, na duba sabuwar maƙalarka, ban ga ka gaishe ni ba.”

“Ranka ya daɗe, ai a kan ciwon ƙafar kaji ce.”

“To kajin naka ba su da ƙwayoyin halitta ne?”

Mako na zagayowa, sunan Farfesa ya shiga maƙalar. Haka nan idan mujalla ta turo maka aikin wani yaro don ka tantance, ka yaba masa da taushin murya, sannan ka nuna masa cewa aikin ba zai cika ba sai ya ambaci wasu muhimman rubuce-rubuce. Ka jero masa naka.

4. Idan ɓeraye suka ƙi ba ka haɗin kai

Dole wata rana a ce ka gwada a jikin dabba. Farfesa ya samo fararen ɓeraye, aka dasa musu daji, ya fara ɗura musu ruwansa. A lokacin ne Auta ta zo masa hutu, ta manna fuskarta a jikin kejin. Akwai ɗaya mai yagaggen kunne, ta raɗa masa suna Kunne.

“Kawu, me ya kumbura musu ciki?”

“Daji ne, 'yar gidana. Maganina zai warkar da su.”

Bayan ta koma gida, ƙullutun cikin ɓerayen ya ci gaba da girma abinsa, hantarsu ta lalace, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Idan haka ta same ka, kada ka buga. Mujallu ba sa son labarin baƙin ciki, kai ma ba ka so. Amma kuma kada ka zubar da gawarwakin. Masani na gaskiya ba ya yar da abin da zai iya haifar masa wata maƙalar nan gaba. Sa kowanne a leda, ka jera su a ƙasan firjin ɗakin gwaji, ƙarƙashin gorunan ruwan ɗalibai.

5. Shiga rediyo

Mai gabatarwa zai tambaye ka, “Wato Farfesa, an samu maganin daji ke nan?” Kada ka ce e, ƙarya ce, kai kuma mutumin kirki ne. Kada ka ce a'a. Yi ɗan murmushin da ake ji a murya, ka ce, “To, alamu dai suna da kyau ƙwarai.” Sauran ka bar wa masu sauraro.

Yaya tana kan keken ɗinki ta ji. Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta ƙwala wa maƙwabtan shago kira su zo su ji ƙaninta. Ranar da likita ya sa mata ta zo, ba ta je ba.

6. Yadda ake amsa wa 'yan'uwa

Nan ne ƙwarewa take, ka saurara da kyau. Yaya ta zo ofis, ta zauna a ƙarƙashin lambobin yabo, ta ajiye jakarta a cinya.

“Dogo, ni ba na jin yarenku na masu ilimi. Ka faɗa mini da bakin da muka tashi da shi. In je su yanka ni, ko in jira naka?”

Amsar gaskiya gajera ce, amma tana iya rushe aikin shekaru. Ga abin da Farfesa ya ce, ka rubuta:

“Wato, Yaya, sakamakon farko yana da ƙarfafa gwiwa. Sai dai ana buƙatar ƙarin bincike.”

Ta yi dariya. “Kai dai tun kana yawo ba wando ba ka iya yabon kanka ba. Zan jira. In ban sha na ƙanina ba, na wa zan sha?”

Sai da ta kai bakin ƙofa ya ce, can ƙasa-ƙasa, “Ki dai riƙa leƙa likita.” Ka lura da hikimar: ya faɗa, ba ta ji ba, kuma gobe yana iya rantsuwa ya faɗa. Ta jira watanni, har ɗaga hannu ta auna kafaɗar mai ɗinki ya fara yi mata wuya.

7. Kada ka bar yaro kusa da firji

Wannan kaɗai ne kuskuren da na taɓa ganin Farfesa ya yi, kuma ina roƙonka ka kiyaye. Yaya ta dawo karɓar magani, da Auta a hannu. Yana cikin nuna mata sabuwar takardar girmamawa, ƙishirwa ta kama yarinyar, ta sulale ɗakin gwaji neman ruwan sanyi. Sai ga ta ta dawo riƙe da leda, tana ɗigar da raɓa a kan kafet.

“Umma, ga Kunne.”

Ɓeran ya sandare, ƙullutun cikinsa ya fi kansa girma.

“Kawu, ka ce kana ba shi magani.”

“An ba shi. Kawo nan, ba abin wasa ba ne.”

“To ya aka yi ya mutu?”

“A kimiyya ba ma cewa ya mutu. Cewa muke yi ya kai ƙarshen gwaji.”

“Ai duk sun kai ƙarshen. Suna nan cike da firjin.”

Yaya ta daɗe tana kallon ledar. Sannan ta ɗago.

“Dogo. Tun yaushe?”

Ya gyara tabarau, ya buɗe baki da niyyar fakewa da lemarsa ta “ƙarin bincike”, amma ta ɗaga masa hannun da ke ɗaguwa.

“Kafin rediyo, ko bayansa?”

“Kafin.”

Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi. “Auta, ajiye masa kayansa. Je ki wanke hannu da sabulu, asibiti za mu.”

8. Mai da kowace asara maƙala

Kada ka ɗauka nan ne ƙarshen mutum. Likita ya ce da ta zo ranar da aka sa mata, ƙullutun kaɗai za a cire. Yanzu sai da aka cire nonon duka, aka ɗora ta a kan ƙarin ruwa mai zubar da gashi. Tana nan da rai, keken ɗinkin yana lulluɓe da zane.

Farfesa kuwa bai zauna ba. Ya fito da ɓerayen ya rubuta maƙala a kan illar sinadarinsa ga hanta, ya ce shi ne farkon wanda ya gano ta. Sannan ya rubuta wata mai taken dalilan da ke sa mata jinkirin zuwa asibiti, inda ya ɗora laifin a kan jahilci da jita-jitar kafafen labarai. Wannan ita ce aka fi ambata a duk ayyukansa. An gayyace shi taro ya gabatar da ita, aka yi masa tafi a tsaye.

Sanarwar wanke kai

Ni malami ne kawai, hanya na nuna. Ba ni da alhakin duk abin da ya biyo baya: hantar ɓera, keken da ya daina ƙara, ko ranar da yayarka za ta daina kiranka da sunan yarinta ta fara ce maka “Farfesa”, kamar yadda ta wannan take yi yanzu idan ya je dubiya. Kowa ya ɗauki nasa.

Ita Auta, wata ma'aikaciyar jinya ta ganta zaune a barandar asibiti, ta shafa kanta ta ce, “Ke ce 'yar gidan Farfesa? Kawunki babban masani ne, ya san abubuwa da yawa.” Yarinyar ta gyaɗa kai, ba ta musa ba. Ba ta san mece ce mujalla ba, ba ta san ambato ba. Abin da ta fahimta shi ne, Kawu ya san ɓerayen sun mutu, kuma ya bar Umma ta jira.