Masanin Jiragen Yaƙi a Kogin Nilu

Ko zan manta komai na zaman Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba. Lokacin na gama digiri na biyu, kuma kundina a kan tsofaffin jiragen ruwa na yaƙi ne, waɗanda manyan ƙasashe ke shafa wa fenti su ba ƙanana kyauta da sunan ƙawancen tsaro. Kusan kowace jimlata da “wataƙila” take farawa. Abin da ban rubuta ba shi ne, ni ɗan Gusau, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.

Takardar zamana ta kusa ƙarewa. In ban samu aiki ba, sai gida. Sai ga wata cibiyar bincike a unguwar Mohandessin tana neman mataimaki. Shugabanta, tsohon hafsan sojan ruwa ɗan Masar, ya ce mu ci abincin rana a wani jirgi a Kogin Nilu.

Ina taka jirgin na nufi kujera mafi kusa. Na zauna na riƙe tebur da hannu biyu (a ganina, cikin dabara).

“Ya ustaz,” in ji shi, “kyautar tsohon jirgi alheri ce ko ɗawainiya?”

Na ce wataƙila alheri ce, ko da yake ta wani ɓangaren… Sai na leƙa taga, na ga ruwa na wucewa a guje. Na miƙe na ciro rigar ceto daga bango, na ɗora a kan kwat ɗina.

“Ma'alish, ya basha, a yi haƙuri ranka ya daɗe, ko za a roƙi matuƙi ya ɗan rage gudu?”

Ya ajiye cokali, ya kira mai kawo abinci. “Gaya wa masaninmu yaushe rabon jirgin nan da tafiya.”

“Tun kafin in fara aiki aka cire injinsa. Da sarƙa yake ɗaure.”

Na sake leƙawa. Ga mai shayin da na wuce a bakin titi, yana nan inda na bar shi.

“Irinsa ake ba ƙasashe,” in ji hafsan. “Sabon fenti, ba inji. Cire rigar, kifinka na hucewa.”

Ban samu aikin ba. Daga Gusau nake wannan rubutu. Abin da na koya (in ban yi kuskure ba) shi ne: kafin ka yi wa jirgi sharhi, ko ka karɓe shi kyauta, tambayi mai kawo abinci ko yana da inji.