Rasuwar Hajiya Esi, Na'urar Sanyaya Ɗakin Malam Zaharaddin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai jiƙe da gumi, Malam Zaharaddin mai hatsi na Dutsin-Ma yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da Hajiya Esi. Yana kuma neman afuwa kan jinkirin sanarwa. Marigayiya ta jima da cikawa, maigidan ne ya yi ta ɓoyewa saboda bakin da ya riga ya cika a kasuwa.

Marigayiya 'yar ƙasar waje ce, fara sol, mai kunya, ba ta da hayaniya. Mai kanti ya shaida cewa tana sanyi tana kuma ɗumi, ilimi biyu a kai ɗaya. Mutawakkil, wanda ya zo haɗa ta, ya ce iska mai tsada ba a barinta ta fita. Nan take Malam ya kira magini ya toshe tagogin ɗakin da bulo, aka shafe da siminti, aka liƙa roba a ƙasan ƙofa. Fankar sama kuwa, wadda ta shekara da shekaru tana juyi ba gunaguni, Malam ya kwance ta ya kai masallacin unguwa sadaka, har liman ya yi masa addu'a ta lasifika.

Ranar haɗi wuta ba ta zo ba. Mutawakkil ya miƙa rimot, ya hau babur ya tafi wani aiki a Makera, ya bar gwaji a hannun mai shi. Da wuta ta samu, Malam ya tara maƙwabta a ɗakin, aka rufe ƙofa. Rubutun rimot ba boko ba ne, ba ajami ba, amma akwai hotuna: ga rana, ga wani ɗan fure, ga ɗigon ruwa. Malam ya yi nazari irin na manya. Bazara ake ciki, rana ce ciwon, kuma likita inda ke ciwo ake nuna masa. Ya yi bismilla ya danna rana.

Marigayiya ta ce “tiit”, ta buɗe baki a hankali, ta ce “fuuu”. Abin da ya fito numfashin tanderun burodi ne. Maƙwabta, da yake mutanen kirki ne, suka yi Allah sanya alheri, Alhaji Jibril mai dabbobi yana fifita da hula ta bayan ƙeya. Malam ya bayyana musu cewa gajiyar hanya ce ba ta sake ta ba.

Daga nan jinya ta fara. Kullum bayan azahar Malam zai shiga, ya rufe ƙofa, ya danna rana, ya ƙara mata ƙarfi, ya zauna yana dahuwa. In zai fito sai ya goge fuska ya yafa mayafi, don masu zaman ƙofar gida su gani. Uwargida Larai ta kwashe tabarmarta ta koma gindin darbejiya a tsakar gida. Bai sake kiran Mutawakkil ba, domin Mutawakkil a teburin mai shayin bakin kasuwa yake karyawa, kuma abin da ya shiga kunnensa da safe ya isa garin Karofi kafin la'asar. Ranar da carbin Malam na roba ya fara danƙo a hannunsa, ya miƙe ya zare mata waya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ta farko: “tiit”.

Ta rasu ta bar rami ɗaya a bango, da ƙarafan da suka riƙe ta, da tagogi biyu waɗanda yanzu sunan kawai gare su. Ta bar Malam Zaharaddin cikin ɗakin da ba ya iya kwana a ciki, ba ya kuma iya fasawa gari na kallo. Ta bar yayarta fanka a saman sahun farko, inda Malam ya zama na farkon zuwa, na ƙarshen tashi, har jama'a na cewa ibadarsa ta ƙaru.

An riga an kai marigayiya makwancinta. Hamma, wan Larai, da ya zo daga Kurfi, shi ya roƙi gawar ko za a mori wani abu a jikinta. Malam ya ba shi kyauta gaban shaidu, da rimot da komai, ya rantse ba zai sake tambayarta ba duniya da lahira. Aka naɗe ta a kwalinta, Mamuda ɗan acaɓa ya ɗaure a bayan babur.

Za a yi zaman makoki a ɗakin marigayiya ranar Asabar bayan la'asar. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da mafici, kada kuma su daɗe. Masu son ziyartar kabari, yana falon Hamma a Kurfi. A tafi da bargo. Hamma furen ya danna.