Ƙwaƙwalwar da Aka Aiko wa Injin Alhaji

Ko da duk ranakun waccan shekarar za su zube daga kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Zariya ta Maradi ba. Lokacin siyasa ta yi zafi, ana ta ja-in-ja a kan zaɓe, jami'a a Yamai kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Na gaji da jiran ranar komawa aji, na tattara ƴar jakata na dawo Maradi, na sauka ɗakin yayana a Sabon Gari.

Idan akwai abin da na ƙware a kai a lokacin, mafarkin ido biyu ne. Da safe nakan je Jiratawa in taya mahaifina ban ruwa a gonar tattasai da zogale. Sai a same ni tsaye da fartanya a kafaɗa, ruwa ya cika fangali har yana malala cikin gonar maƙwabci, ni kuwa ina can cikin wani shago mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura, sanye da farar riga, mutane sun yi layi da injinansu a hannu suna jiran in duba. Har ƙamshin shagon nakan ji. Sai tsoho ya daka mini tsawa sannan in dawo cikin taɓo.

Da yamma kuma sibar nake zuwa, wato shagon da ake hayar kwamfuta, ko ordinater kamar yadda muke cewa. Sa'o'ina suna hira da ƴan mata, ni ina karatun kayan cikin inji. Na san akwai wani faifai kore da ake kira kart-mer, uwar da komai yake manne a jikinta. Na san akwai ƴar ƙwaƙwalwar inji mai kusurwa huɗu da take zama a wani gurbi a tsakiyar faifan, kuma ba kowace ƙwaƙwalwa ce kowace uwa take karɓa ba, sai an duba gurbin an ga ko sun dace. Na ma karanta cewa idan uwar ba ta da lafiya takan yi ƙara, gwani kuma yana gane ciwon daga irin ƙarar. Duk wannan yana kaina tsaf. Abu ɗaya ne ya rage: hannuna bai taɓa kwance ko noti ɗaya na inji ba. (Mai sibar ɗin ya kulle injinansa cikin akwatunan katako a ƙarƙashin tebur saboda ɓarayi, don haka gilashin kallo da madannai kawai na sani ido da ido.)

Abokina Laminu, ɗan Tibiri, shi ne ya fi kowa yarda da ni. Yana sayar da kayan waya a bakin kasuwa, kuma duk abin da na faɗa masa game da inji sai ya ƙara masa gishiri ya kai gaba. Shi ya zo mini da labarin Alhaji Ilya.

Alhaji babban ɗan kasuwa ne, yana ɗauko kaya daga Kwatano. A cikin wani lodi aka haɗo masa da tsohuwar ordinater da injin buga takarda. Ganin kowace jam'iyya tana neman inda za a buga mata hotunan ƴan takara, sai ya yi niyyar buɗe wurin bugawa. Ɗiyarsa Rabi ta koyi aikin, amma ta ce injin ya cika nawa, kafin hoton mutum ɗaya ya buɗe an dafa shayi an sha. Ɗansa da ke karatu a waje ya aiko da sabuwar ƙwaƙwalwa. Abin da Alhaji yake son sani kawai shi ne ko tsohuwar uwar za ta karɓe ta. Wanda ya warware masa wannan kuma, in ji Laminu, shi za a danƙa wa shagon.

Laminu ya shaida wa Alhaji cewa ko a Yamai ba a samun kamata.

Tun daga ranar ban sake taka ƙasa sosai ba. Na zaɓi launin fentin shagon. Na ga sunana a allo da manyan haruffa shuɗɗa. Na sayi babur a raina, na hau shi na bi hanyar Tibiri da yamma, iska tana kaɗa rigata, itatuwan gawo suna wucewa a hankali. Rabi kuwa, wadda ko fuskarta ban taɓa gani ba, har na ba ta kujera kusa da tawa, muna shawara a kan sunan ɗanmu na fari.

Ranar Laraba bayan la'asar na ari rigar yayana, na soke turnabis ɗin kwance noti a aljihun gaba yadda kowa zai gani, muka tafi gidan Alhaji a unguwar Zariya, ni da Laminu. Muka tarar falon Alhaji da baƙi, wasu dattawa ƴan siyasa da suka zo jin yaushe za a fara buga musu hotuna. An shimfiɗa darduma, ga tiren shayi a tsakiya. Rabi tana tsaye daga bakin ƙofar ciki, ta ja mayafi. Na gaishe da kowa cikin muryar da na yi kwanaki ina gwadawa. Alhaji ya miƙo mini ƴar ƙwaƙwalwar a cikin kwalinta, ya nuna kusurwar ɗakin ya ce, "Ga kayan nan, ɗana. Duba muna da kyau."

A kan teburin akwai gilashin kallo, da madannai, da wani baƙin akwati mai ɗan tsawo, ƴar fitila koriya tana ci a goshinsa, wayoyi sun fito ta bayansa. Ban yi wata-wata ba na zare wayoyin na rungumo shi. Nauyinsa ya kusa karya mini ƙugu. Na dire shi a tsakiyar darduma ina haki, na shaida wa jama'a cewa injinan zamanin da haka suke, ƙarfe ne na gaske, ba irin na yanzu ba. Dattawa suka gyaɗa kai.

Sai akwatin ya fara ƙara. Ƙit, ya yi shiru, ƙit, ya yi shiru.

Wani daɗi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa. Ga abin da na karanta yana faruwa a gabana! Na ɗaga yatsa na ce a yi shiru. Na sunkuya na kara kunne, na lumshe ido kamar likita a ƙirjin majiyyaci. Sannan na yi musu bayani cewa uwar ce take magana, kuma irin wannan kukan alama ce ta gajiya da tsufa. (Bai taɓa zuwa mini a rai ba in tambayi kaina yadda inji zai yi kuka bayan na raba shi da kuran, wato wutar lantarki.) Laminu ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana cewa ai na gaya muku.

Na kwance notunan, na ɗaga murfin. Abin da na gani bai yi kama da hotunan sibar ba ko kaɗan. Wasu baƙaƙen tubala ne guda biyu masu nauyi, da wani dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da jar waya, sai ɗan ƙaramin faifai kore a gefe, bai fi tafin hannuna ba. Zuciyata ta ɗan tsinke. Amma ganin koren faifan nan sai na samu natsuwa, na ce a raina ai tsohon yayi ne. Na nemi gurbi mai kusurwa huɗu sama da ƙasa, babu. Na ɗora ƙwaƙwalwar a nan, na ɗora a can, na juya ta, na koma na hura ƙura. Na nuna baƙaƙen tubalan na ce a cikinsu ake ajiye hotuna da rubutu, shi ya sa suka yi nauyi.

Daga nan na miƙe zaune, na share gumi, na yanke hukunci. Na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Wannan uwa ta tsufa ƙwarai. Ko gurbin da za a sa sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta da shi. Ba za ta karɓa ba."

Alhaji ya jinjina kai, da alama aikina ya burge shi. Ya ce wa baƙinsa yaron akwai natsuwa, bai bar komai ba sai da ya bincika. Sannan ya juyo gare ni da fara'a, babu ko alamar zolaya a muryarsa.

"Madalla, ɗana. To wanga mai riƙe wuta ke nan in an ɗauke kuran, mun ji nashi. Ita ordinater ɗin hwa, yaushe za ka duba ta?"

Ya miƙa hannu ƙarƙashin teburin ya yaye wani farin ƙyalle mai ado. Ga ta nan tsaye, doguwa, launin toka, har da kwanon furannin roba a kanta.

Akwatin batir na buɗe. Batir na kara wa kunne, batir na yi wa bayanin tsufa, batir na ce yana cike da hotuna.

Falon ya yi tsit, sai ƙit, ƙit ɗin akwatin. Dattawan nan mutanen kirki ne, kowa ya samu abin kallo: wannan yana duba carbinsa, wancan yana nazarin silin. Laminu ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa. Na ga mayafin Rabi yana rawa a kafaɗarta. Ni kuwa na ji kamar na fita daga jikina ina kallon wani bawan Allah daga sama, zaune dirshan cikin aron riga, kunnuwansa suna hayaƙi. Har na tausaya masa.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma sai na yi sauri in rufe akwatin in ɓoye abin kunyata, cikin gaggawar nan bakin turnabis ya haɗa kawunan batir biyu. Tartsatsi ya tashi fau. Na ƙwalla kiran innata, na yi baya da ƙarfi, na zauna daram a cikin tiren shayi.

Nan haƙurin dattawa ya ƙare. Wani mai farin gemu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Rabi ta ruga ciki, amma ina jiyo ta tana ba matan gidan labari, dariyarsu tana fitowa ta taga. Alhaji kaɗai ya daure, ko da yake sai da ya share ido da bakin rawaninsa. Ya tambaya ko na ƙone, na ce a'a. Ya ce to in tashi in duba ta gasken, tunda na riga na zo.

Da wando jiƙe da shayi na durƙusa gaban injin. Wannan karon kai tsaye na kama aiki. Na buɗe shi, sai ga faifan nan kore shimfiɗe kamar yadda na sha gani a hoto, jan yashin Maradi ya kwanta a kowane lungu nasa. Na cire ƴar fankar da ke tsakiya, na ɗaga tsohuwar ƙwaƙwalwar a hankali. Cikinta cike yake da ƙananan allurai, gurbinta kuma ƴan ramuka ne da allurar suke shiga. Na juya sabuwar: cikinta sumul, ɗige-ɗigen ruwan zinariya kawai, ko allura ɗaya babu. Na jera su a tafin hannuna na nuna wa Alhaji, na ce cikin ƙaramar murya ba za su dace ba.

Ya duba da kansa, ya gamsu. "To ai abin da ka hwaɗi ke nan tun farko," in ji shi. "Magana taka daidai ce, wanda ka gaya wa ne ba shi ba."

Muka fito da Laminu har muka kai bakin titi. Can ya ce daga yau kada in sake gaya wa kowa cewa ya san ni, sai kuma dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Kafin Juma'a labarin ya kai Tibiri, ya dawo Sabon Gari da ƙari, wai wuta ta ɗaga ni har na taɓo silin.

Ba a ba ni shagon ba, Rabi aka ba, kuma ta riƙe shi da kyau. Amma Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce mutumin da ya ji irin wannan kunya bai gudu ba, ya tsaya ya gama aiki, ana iya zama da shi. Na share wa injin ƙura, muka samo masa ƙarin ma'ajiyar aiki, wato ƴan faya-fayan da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa, irin tasa ta da, ya ɗan ƙara sauri. Aikina ya zama yanka hotunan ƴan takara da almakashi da ɗaure su dami-dami, har aka gama zaɓe. A shagon nan na koyi gyaran inji na gaske, da hannu. Rabi ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai duk ranar da aka ɗauke kuran akwatin ya fara ƙara, takan ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, majiyyacinka yana kira."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Kafin ka faɗi ra'ayinka a kan abu, tambayi masu shi wanne ne a ciki. Bara ƙanwata ta haihu, na je barka na tarar da jarirai biyu kwance a gado, ɗaya na maƙwabciya. Ana ta cewa in faɗi wanda yaron ya yi kama da shi. Na naɗe hannuwana a baya, na ce sai an fara nuna mini namu.