Rasuwar Kyamarata da Kaset ɗin Inna a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta kasa zama wuri ɗaya, ni Zaharaddini mai ɗaukar bidiyo na Kwarin Ɗinya, ƙasar Minjibir, a madadin kaina da maiɗakina Hafsatu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda yaran gari suka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da tsakar rana, a kan teburin zaurena, a bakin aikinta, lulluɓe cikin bargo. Na san mu ba mutanen ajiye gawa ba ne. Amma har yanzu tana nan inda ta cika, ba a ɗaga ta ba, kuma dalilin wannan jinkiri shi ne ya hana ni zama, ya hana ni cin abinci. Ko wannan sanarwa a tsaye nake rubuta ta, in rubuta layi in leƙa zaure, in dawo.

Marigayiya ba a san shekarunta ba. Bazawara na same ta a kasuwar Kano, ta riga ta yi zaman gidan wani a ƙasashen waje, har da tabo a gefen marfinta. Ban tambaye ta abin da ya raba su ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Tun daga ranar da ta shigo hannuna babu saukar Alƙur'ani, babu suna, babu ɗaurin aure daga nan har bakin Ɗambatta da ba mu je tare ba, tana cikin jaka a bayan babur, muna ratsa gonaki. Ta ɗauki gayyar noma. Ta ɗauki roron gyaɗa. Ta ɗauki dattawan da yanzu sai dai a nuna wa jikokinsu kabari.

Shaidar da zan yi mata ita ce, ba ta ƙarya. Abin da ta gani shi take faɗa. Ba ta taɓa ƙara wa amarya fari ba, ba ta taɓa goge wa ango ƙuraje ba, irin munafuncin da wayoyin yanzu suke yi wa mutane har dangin miji su kasa gane wadda aka kawo musu. Ba ta da surutu. In na kunna ta sai ta ce "tilin", shi ke nan gaisuwarta. In za ta karɓi kaset, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, sai ta ce "ƙirrr", ta buɗe baki a hankali, ta haɗiye, ta ce "cak". Wannan "cak" ɗin nake ji a kunnena ko ina alwala.

Wanda bai san sana'armu ba yana zaton ɗauka ce wahala. Wahalar tana wajen juyewa. Marigayiya ba ta san a zare memori a soka a wani wuri ba. Sai an haɗa ta da kwamfuta da wata siririyar waya, sannan ta fara karanto kaset daga farko, tana zuba wa kwamfuta hoto kaɗan kaɗan. Kaset na awa guda, awa guda zai ci, ko kai ɗan wane ne. In an gama a sami fayil mai nauyin da babu wayar da za ta ɗauka, sai an sauya shi zuwa irin wanda waya ke ganewa, an matse shi, sannan a zauna yanke-yanke: a cire inda liman ya yi tari, a cire inda akuya ta ratsa sahu. Samarin yanzu suna min dariya, wai ina dakan hannu ga injin niƙa a bakin titi. Ni dai na san wanda yake zuwa yana roƙona hoton kakansa.

Ta rasu ta bar abokiyar zamanta, tsohuwar kwamfutata mai fasasshen gefe, wadda ita kaɗai ta rage a ƙasar nan mai ramin da wayar juyewa ke shiga, don sababbin kwamfutoci an haife su ba shi. Ta bar wayar juyewar kanta, mai ɗaurin roba a wuya. Ta bar batura biyu, ɗaya ya kumbura, ɗaya ba ya riƙe caji sai ana lallashi. Ta bar ƙafar da ake ɗora ta a kai wajen ɗauka, mai ɗingishi. Ta kuma bar marayun kaset cike da kwali, waɗanda ba su da mai karanta su yanzu, kowane da bikin wani gida a cikinsa. Wayoyin zamani da suka gaje ta tun tana raye, har yau ko ɗaya ba ta zo gaisuwa ba.

Yanzu ga jinyar ajali, kuma ina roƙon a karanta wannan wuri da adalci, don na ji abin da ake faɗa a majalisar bakin masallaci.

Kowa ya san a watan jiya Allah ya yi wa surukata rasuwa, mahaifiyar Hafsatu. Ba zan kama sunanta ba, Inna muke ce mata, kuma sunanta muka sa wa 'yarmu, shi ya sa ake kiran yarinyar Ummi. Inna mace ce da ba ta yarda da hoto ba. In ta hango ni da jaka sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Babu hotonta a bango, babu a wayar kowa. Sai wuri ɗaya tak. Ranar sunan Ummi, bayan na gama ɗaukar maza a waje, na miƙa kyamarar cikin gida kamar yadda muka saba, tunda namiji ba ya shiga taron mata. Hafsatu tana ɗakin jego, ta ɗora ta a cinya, ta saci ɗaukar tsakar gida ta ƙasan asabari. A nan Inna ta zo tana wa jikarta waƙa, tana rawa, ba mayafi. Da ta gano an ɗauke ta, ta sa Hafsatu ta yi alƙawarin babu idon da zai ga kaset ɗin tana raye. Haka ya zauna a ƙasan kwalla shekara da shekaru, har Ummi ta isa shiga makaranta.

Bayan an share makoki, Hafsatu ta kawo min shi a zaure, ta ajiye ba ta zauna ba.

"Baban Ummi, a juye min wannan a waya," in ji ta. "Fuskar Inna ta fara ɓace min. In na rufe ido muryarta kawai nake samu."

Na ce ta zauna ta kula da juyewar, ni in fita. Ta ce ba za ta iya ba tukuna, sai an gama ta kalla ita kaɗai a ɗakinta.

To ku gaya min, ya zan yi? Lokacin juyewa hoto yana fitowa a fuskar kwamfuta, yana fitowa a ɗan gilashin kyamara. Ni kuwa tunda na auri Hafsatu ban taɓa ɗaga ido na kalli Inna ba. A durƙushe nake gaishe ta, kaina a ƙasa. Ban taɓa shan ruwa a gabanta ba. Sai yau don ba ta da bakin hana ni, in zauna in miƙe ƙafa ina kallon tana rawa ba mayafi? Kuma zaure ne, kowa yana iya yin sallama ya faɗo. Na haɗa waya, na kunna, na rage murya, na ɗauko bargon da ke kan gadon baƙi na lulluɓe su duka biyun ruf, ita da kwamfutar, na ja ƙofa. Na tafi gonar bayan gida baza taki, don kada ma kunnena ya ji abin da bai kamata ba.

Bazara ce, rufin kwano ne, bargon kuma mai kauri ne. Wannan na yarda. Amma masu cewa wauta na yi, ina so in ga wanda a cikinsu zai kalli surukarsa ido cikin ido. Limaminmu ya ce min a shari'a ba laifi, ai muharramata ce. Na gode wa Malam, ya faɗi hukunci. Sai dai ba shi zai ɗaga idon ba.

Da na dawo, tun daga ƙofa na ji tana kira, "tit, tit, tit", irin kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na yaye bargo, jikinta zafi kamar dutsen guga. Ta ce "ƙiƙ, ƙiƙ", sau biyu, kamar mai son faɗin wani abu. Sai 'yar jar fitilarta ta mutu. Na danna, na canja batir, na yi mata fifita, na kira sunanta. Ba ta ce "tilin" ba, ba ta buɗe baki ba. Kaset ɗin Inna yana cikinta.

Abin da ta samu ta zuba wa kwamfuta kafin ta cika, na sauya shi ya koma na waya. Wajen yankewa Hafsatu ta daure ta zauna kusa da ni, idona a kan madannai, ita tana cewa wuce, wuce, tsaya. Muka wuce raɗin suna, muka wuce yankan rago, muka wuce tukwane da ƙafafun mata. Sai na ji murya ta fito daga kwamfuta, muryar da na saba amsa wa gaisuwa:

"Ku matsa min, ku matsa min! Takwara ta zo, in gan ta. Kai, wannan hanci namu ne, ba na gidan masu hoto ba!"

Mata suka kwashe da shewa. Ban san lokacin da na ɗaga ido ba. Ƙafafunta ne, da lalle ya fara koɗewa, suna taka ƙasa. Su na sani sarai, su na yi shekaru ina gaisarwa. Hoton ya fara hawa sama a hankali: zane, ɗamara, hannuwa biyu suna tafi, tsakiyar wuya. A nan ya tsaya. Fuskarta tana cikin kaset, kaset yana cikin marigayiya.

Tun ranar Hafsatu take yawo da wayar a hannu. Ta kunna, ya kai wuya, ya tsaya, ta mayar farko. Jiya na same ta a bakin murhu tana karkata wayar sama, ko hoton zai ƙara hawa. Ko kallon zargi ba ta yi min ba, kuma wallahi gara ta zage ni. Ina jin tausayinta har cikin ƙashina. Na je gona na dawo ban tuna abin da ya kai ni ba.

Na kira Munir, mai gyaran kayan lantarki a Ɗambatta, ya zo ya duba marigayiya da 'yar fitilarsa ya daɗe. Abin da ya faɗa shi ne ya fi komai hana ni sukuni.

"Malam Zaharaddini, ba ta gama mutuwa ba fa," in ji shi. "In na tura mata wuta kai tsaye, tana iya tashi. Amma zaren kaset ɗin ya naɗe a ƙarfen ciki. Tana motsawa za ta iya tauna shi, daidai wurin da ya tsaya. In kuma kaset kake so lafiya, sai na ɓalle ta gaba ɗaya, na yanka ƙarfen. Daga nan ba mai tada ta. Zaɓi ɗaya."

Na ce ya ba ni lokaci. Na zagaya gidan nan har kaji suka gaji da kauce min. Ita ce ta ciyar da ni, ita ce ta yi min sutura, da ita aka san ni, ko Hafsatu ma a wurin ɗaukar biki na fara ganinta. Sau nawa na ɗauki waya zan ce wa Munir ya gwada sa'a, ko Allah zai sa a tsira da duka biyun. Sai in tuna garin gyaran gira ake rasa ido, in ajiye wayar.

Saboda haka wanda ya ji Munir yana cewa da sauran rai, kada ya zo min da albishir. Ni mai ita na ce ta rasu, kuma da hannuna na rubuta.

Za a yi mata sutura ranar Asabar mai zuwa bayan azahar, a zaurena da ke Kwarin Ɗinya, kusa da rijiyar makaranta. Munir ne zai buɗe ta, ni zan riƙe masa fitila. Ba za a yi salla ba, Malam ya riga ya ja min kunne. Bayan an ciro kaset za a naɗe abin da ya rage a cikin jakarta, a ajiye a saman sif, ban yarda a ba 'yan gwangwan ba. Masu zuwa gaisuwa kada su wahalar da kansu da goro ko hatsi. Abin da muke roƙo ɗaya ne: duk wanda ya san mai irin wannan kyamara ta ƙaramin kaset, a Minjibir ne, a Ungogo ne, a cikin birni ne, ko tana ƙarƙashin gado ce, ya taimaka a ara mana ita na awa guda. Zan zo da kaina in ɗauka, zan mayar da kaina, kuma ba za a rufe ta da komai ba.

Ba a buƙatar yara a wurin buɗewa, kada a bugi teburin. Hafsatu ba za ta fito zaure ba, tana ciki tana jira, amma ta ba ni saƙo in gaya wa Munir, kuma ga shi na sa a rubuce don kada ya ce bai ji ba: ya fasa duk abin da zai fasa, amma ya bi Inna a hankali.